Kemis ɗin unguwa: abin da za a saya da abin da za a bari

Kemis ɗin bakin layi shi ne asibitin farko na yawancin gidaje a Kano, Zariya ko Gusau. Ba yankar kati, ba bin layi, yana buɗe har bayan isha'i, wani lokaci ma a ba ka bashi. Sai dai lasisin da PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, ke ba irin wannan shago na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, a cikin kwalinsu. Ƙarin ruwa da irin su Ampiclox sun fi ƙarfin lasisinsa, ko da duk unguwa na kiransa "dakta".

A ƙananan larurori aikinsa na kyau. Yaro mai gudawa: ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, da zinc na kwana 10. Farasitamol mai 500mg: babba ya sha biyu, kada ya wuce takwas a awa 24, domin hanta ce ke ɗaukar nauyin. Zazzaɓi kuwa, a fara da gwajin ɗigon jini na RDT, minti 20 ya ishe shi. In maleriya ce, artemether-lumefantrine sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, tare da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi. Masu dainawa a rana ta biyu don sun ji sauƙi, su ne ke dawowa bayan mako biyu.

Inda hidimar ta lalace shi ne haɗi. Mutum ya miƙa kuɗi ya ce, "Malam, a haɗa mini na ciwon jiki," sai a ɓalle ƙwaya biyar ko shida a zuba masa a leda, ba suna, ba ranar lalacewa. Sau da yawa akwai ibuprofen da diclofenac a ciki, alhali danginsu ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara cin bangon ciki ya kuma wahalar da ƙoda, musamman ga mai olsa ko lebura da ya yini cikin rana bai sha ruwa sosai ba. Wasu kan jefa dexamethasone, mai sa mutum ya ji garau nan take, amma yawan shansa na kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini. Kafso biyu na irin su Ampiclox da ake sakawa ciki kuwa ba sa kashe ƙwayar cuta, koya mata juriya suke yi. In abin ya rikice aka kai mutum asibiti, likita ba shi da hanyar sanin abin da aka sha.

Kafin a biya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In kwalin na da wurin kankarewa, a kankare a tura lambar ta saƙon waya. A kuma dubi shagon kansa: galibin magunguna ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30, kwantenar ƙarfe kuwa a watan Afrilu tanda ce. Shagon da ke zaro maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a 2018, ko tiramol mai 225mg daga ƙarƙashin kanta, to sauran kayansa ma abin tuhuma ne.