Wata huɗu da Logitech G102: sai da na ari tef ɗin tela kafin saitina ya zauna

Kusan shekara guda na yi ina buga Counter-Strike 2, wasan harbi na kwamfuta da ake yi ta intanet, da wani tsohon maus na ofis, irin wanda ake haɗa wa mutum kyauta idan ya sayi kwamfuta ta hannu. Ko sunan kamfani babu a jikinsa. Duk ranar da aka yi mini ruwan harsashi ina da inda zan jingina laifi: in ba netwok ba, to maus. Da na tara 'yan kuɗi na sayi sabon maus, Logitech G102, na dawo gida da tabbacin cewa yau za a ga harbi. An kuwa gani, amma a kaina aka yi shi.

Bari in fara da kayan, tunda shi na biya kuɗi a kai. Maus ne mai waya, nauyinsa giram 85, maɓallai shida, da wata fitila mai canza launi a bayansa wadda na kashe tun a makon farko. Ƙarami ne, ya fi dacewa da mai riƙo da 'yan yatsu fiye da mai shimfiɗa tafin hannu gaba ɗaya. Yana aika wa kwamfuta labarin motsinsa sau 1000 a daƙiƙa, alhali yawancin na ofis sau 125 suke yi. Wannan bambancin na ji shi tun a daren farko. Tsohon nawa idan na fizge shi da ƙarfi sai ya rikice, in tsinci kaina ina kallon sama ko ƙasa. Wannan ko yaya na fizga yana biye da hannuna. Shawara ɗaya ga mai saye: jabunsa sun yi yawa a kasuwa, don haka a haɗa shi da kwamfutar da ke da manhajar G HUB ta kamfanin Logitech a ga ko za ta gane shi kafin a miƙa kuɗi.

Kwalin ya ce yana kaiwa DPI 8000. Ni kuma a lokacin na ɗauka DPI kamar megafiksel ɗin kamarar waya ne, mai yawa shi ne mai kyau. Na dai ji tsoron 8000 ɗin, sai na tsaya a 1600, sannan na sa sensi 2.5 a cikin wasan. Abin da ya biyo baya abin dariya ne. A taswirar Dust II, mutum zai leƙo daga ƙofar doguwar hanyar A, in kai hannu kansa, sai alamar saitina, wadda ke tsakiyar allo, ta wuce shi ta dama. In dawo da ita, ta wuce ta hagu. Kafin in daidaita a karo na uku ya riga ya sauke mini AK-47 a goshi, kuma duk mai buga wasan ya san harsashi ɗaya na AK a ka ya wadatar ko da hular kwano. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin da ban gane ba shi ne lambobin nan biyu abu ɗaya suke yi tare. DPI yana nufin yawan ƙirgen da maus ke aikawa idan ya yi tafiyar inci ɗaya. Sensi na cikin wasa kuma shi ke faɗin yawan juyawar da kowane ƙirge zai jawo. Idan aka ninka su ana samun abin da 'yan wasa ke kira eDPI. Mai DPI 400 da sensi 2, da mai DPI 800 da sensi 1, duk a kan 800 suke, hannunsu tafiya ɗaya zai yi. Ni kuwa 1600 sau 2.5, wato 4000. Ninki biyar.

Ko wannan lambar ma ba ta shiga kaina sosai ba sai da na mayar da ita santimita. A Counter-Strike, idan sensi yana kan 1, kowane ƙirge yana juya ka digiri 0.022. Da wannan ake lissafa nisan da maus zai yi a kan tebur kafin ɗan wasanka ya kewaya ya dawo inda ya fara kallo. Ban tsaya dogon lissafi ba. Na shiga cikin gida na ce wa ƙanwata, wadda ɗinki take yi, ta ara mini tef ɗin awonta.

"Yaya, kwamfutar za ka ɗinka wa riga?"

Na shimfiɗa tef ɗin a gefen maus, na saita alama a kusurwar wani akwati a cikin wasan, na ja hannu a hankali har na kewayo kan kusurwar. Santimita goma da ɗan ɗoriya. Ma'ana duk duniyar wasan, gaba da baya, hagu da dama, ta dunƙule a tazarar da ba ta kai tsawon biro ba. To kan mutumin da ke can ƙarshen doguwar hanya, wanda a allo bai fi ƙwayar gero ba, nawa ne rabonsa a cikin santimita goman nan? Bai kai rawar da hannu ke yi don kansa ba. Ashe kwana da kwanaki ina neman zura zare a allura da tabarya.

Daga nan sai na yi abin da kowa ke yi, na je kwaikwayon manya. Wanda ya fito daga wasannin waya ya san wannan cutar. Ɗan yayata da ke buga Call of Duty a waya ba ya mako bai kwafi sensin wani ɗan YouTube ba, yana jiran ya wayi gari gwani. Ni ma hakan na yi. ZywOo, Bafaranshen nan da ya ci babbar gasar Paris da ƙungiyar Vitality a 2023, ya daɗe a kan DPI 400 da sensi 2. Wato eDPI 800, kusan santimita 52 kafin a kewaya sau ɗaya. Na sa nawa DPI 800, sensi 1, na ce daga yau ni ma haka.

Kwana uku na yi a wahale. Shimfiɗar maus ɗina ƙarama ce, faɗinta bai wuce santimita 25 ba, kuma teburin karatu ne da laftof ta cinye rabinsa. Juyawa baya kawai tana buƙatar santimita 26. Kowane juyi sai na ɗaga maus na mayar da shi tsakiya, wani lokaci sau biyu. Duk wanda ya zagayo ta bayana ya samu nama. Sau biyu ina buge kofin shayi. Amma a cikin wahalar na lura da wani abu da ya hana ni komawa gidan jiya: duk wanda ya fito ta gabana, daga nesa, ina samun kansa fiye da yadda na taɓa yi. Alamar ta daina rawa. Ko jan AK ƙasa lokacin da take tsalle ya zama abin da hannu ke iya aunawa, ba sa'a ba.

A nan ne na gane abin da lambar gwani ba ta faɗa maka. Ba ta faɗa maka faɗin teburinsa ba, ko tsayin kujerarsa, ko cewa shi da dukan hannu yake ja tun daga gwiwar hannu, kai kuma ka kafa wuyan hannu a bakin tebur kana juya shi kamar mai tuƙa tuwo a ƙaramar tukunya. Su kansu manyan ba su daidaita ba. s1mple na Yukren, wanda ya ci gasar Stockholm da ƙungiyar NAVI a 2021, ya shekara da shekaru a kan DPI 400 da sensi 3.09, wato eDPI 1236, wajen santimita 34. Tsakaninsa da ZywOo akwai tazarar santimita 18, kuma babu mai cewa ɗayansu bai iya harbi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da na ɗauka daga gare su iyaka ce kawai: babu ɗayansu da ya kusanci santimita goman da nake kai.

Sai na sayi babbar shimfiɗa, santimita 45 a faɗi, 40 a tsawo, na ɗora laftof a kan littattafai can gefe, na matsar da kibod hagu. Gaskiya, kuɗin shimfiɗar nan bai kai rabin na maus ba, amma ban san wanda ya fi wani amfani a wurina ba.

Yadda na nemo lambata ba wata dabara ba ce. Ina shiga fili ni kaɗai, in ɗora alama a kan wani ɗan tabo a bango, in riƙa tafiya hagu da dama da maɓallan A da D ina ƙoƙarin kada alamar ta bar tabon. Idan tana wuce shi tana dawowa, sauri ya yi yawa. Idan tana jan ƙafa a baya ina bin ta da ƙyar, ya yi kaɗan. Bayan haka in shiga fagen da ake ta kashe juna ana tashi nan take, in yi minti ashirin, ina lura da abu ɗaya tak: harbina na farko, gaba yake faɗawa ko baya? Na gwada 1.6, na ga har yanzu ina wucewa. Na sauko 1.1, kafaɗa ta fara ƙorafi. Na zauna a 1.3 da DPI 800. Tef ɗin ƙanwata ya ce santimita 40. Daga tsakiyar shimfiɗa zuwa bakinta ina iya juyawa baya cif da fizga ɗaya, kuma wannan shi ne sharaɗin da na gindaya wa kaina tun farko.

Amfanin riƙe santimita maimakon lambar wasa ya fito fili ranar da abokai suka ja ni wani wasan harbin, Valorant. Da na zuba 1.3 ɗina a can da na sha mamaki, domin a Valorant kowane ƙirge digiri 0.07 ne, ya ninka na Counter-Strike sau uku da 'yan kai. Ana raba lambar da 3.18, sai ta ba ni 0.41. Na auna da tef, arba'in ɗin nan dai. Wasan Apex Legends kuwa ma'auninsa ɗaya da Counter-Strike, lambar nake ɗauka yadda take.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da suka ci mini lokaci. A saitin maus na Windows akwai wani akwati mai suna Enhance pointer precision. Sunan yana da daɗi, amma aikinsa shi ne ƙara nisa idan ka ja da sauri, ya rage idan ka ja a hankali, wato tafiyar hannu ɗaya ta ba ka sakamako biyu. Counter-Strike 2 da Valorant kai tsaye suke karɓar motsi daga maus, ba ruwansu da shi, amma na cire alamar saboda tsofaffin wasanni. Sai maɓallin canza DPI da ke bayan 'yar tayar gungurawa. Wata rana ɗan yayata ya zauna a kujerata ya latsa shi, na yi dare guda ina zargin hannuna. Washegari na shiga G HUB na goge duk matakan na bar 800 shi kaɗai, yanzu ko an latsa babu abin da ke canzawa. Na uku ƙurar hunturu ce. Kwana biyu in ban goge shimfiɗar da ɗanyen tsumma ba sai maus ya fara jan ƙafa kamar an zuba yashi, mutum ya ɗauka sensinsa ne ya yi ƙasa.

Wani abin kuma maus ba shi da maganinsa. Daga nan inda nake, sabar Turai muke shiga, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, kuma jinkirin saƙo yakan haura milisakan 100. Akwai mutuwar da tun kafin ka ga mutum a allonka shi ya riga ya gan ka. Da can nakan haɗa wannan da matsalar saiti in yi musu kuɗin goro, in shiga canza lamba cikin fushi bayan kowace asara. Yanzu ina iya bambancewa. Idan alamata na kan kansa na harba aka riga ni, netwok ne. Idan alamar na gefen kunnensa, ni ne. Kuma mafi yawan lokuta, in faɗi gaskiya, ba ma saurin maus ba ne: ina tafiya ne da alama a ƙasa, saitin gwiwa, maimakon in riƙe ta daidai tsayin kai a kusurwar da mutum zai ɓullo. Wanda ya ajiye alamarsa a inda ya dace tafiyar santimita ɗaya ta ishe shi.

Masu cewa in ka taɓa lambarka sau ɗaya hannunka ya manta komai, ban yarda da su ba. Na sauya sau biyar a cikin wata guda, kuma kowane sauyi kwana biyu ne hannu ya saba. Abin da ke ɓata mutum shi ne sauyawa a tsakiyar wasa saboda haushi, domin ba zai taɓa sanin ko lambar ce ko ranar ce ba ta yi ba. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce mako guda kafin in yanke wa kowace lamba hukunci.

Shin zan ce a sayi G102? Ga mai tasowa daga maus na ofis, e, ba tare da jinkiri ba. Wata huɗu ina fizgarsa kullum dare, bai taɓa ɓata mini lissafi ba, kuma santimita 40 ɗin da na auna a watan farko ita na sake samu da na ƙara aron tef ɗin na auna jiya. Amma 8000 ɗin da ke kan kwali kashi ɗaya cikin goma nake amfani da shi, kuma wanda teburinsa bai da filin shimfiɗa babba gara ya fara gyara wannan.

Ɗan yayata ya zauna ya gwada saitin nawa a makon da ya wuce. Ya ja maus, ya ja, ya ɗago ya kalle ni.

"Kawu, wannan ai sai ka yi sallama da mutum kafin ka juya."

Na ce ya tsaya a doguwar hanyar A ya jira. Mutum na farko da ya leƙo, harsashi ɗaya ya sauke shi. Bai ce komai ba, sai da zai tafi ya tambaye ni inda na ajiye tef ɗin. Na ce mai shi ta karɓe abinta tun tuni, ya je ya roƙa da kansa.