Na'urar gano faɗuwar tsofaffi: wacce ma'aikatan dare za su yarda da ita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Shi ya sa gidajen kula da tsofaffi a Ingila, inda 'yan Najeriya da dama ke aiki, suke rububin sayen na'urori. Kafin a fitar da kuɗi, a fara jin ta bakin masu aikin dare, domin su ne ke amsa ƙararrawa da ƙarfe uku.

Mafi arha shi ne maɓallin da ake ratayawa a wuya. Yana amfanar tsohon da hankalinsa ke daidai. Mai ciwon mantuwa kuwa sai ya cire shi ya cusa ƙarƙashin matashi, ya faɗi a banɗaki babu abin dannawa. Agogon Apple Watch yana gano faɗuwa tun 2018, amma cajinsa kullum wani ƙarin aiki ne.

Tabarmar gefen gado mai ƙara idan an taka ta, ita ma'aikata suka fi sabawa da ita. Matsalarta biyu ce. Tsohuwar da ta gane ta sai ta yi ƙoƙarin tsallake ta a cikin duhu, tsallaken ya kayar da ita. Sannan tana yawan kuka a banza, kuma ƙararrawar da ta yi ƙarya sau goma, ta sha ɗaya ba a yi mata gudu.

Ni na fi karkata ga na'urar sauraron ɗaki, wadda aka daɗe ana amfani da ita a Holan. Tari, kira ko motsi ne ke sanar da ma'aikaci, ba sai ya riƙa buɗe ƙofa yana tashin mai barci ba. Fitilar Nobi ta Beljiyam tana gano faɗuwa daga rufi. Duka biyun suna da tsada, suna kuma son intanet mai ƙarfi. A nan ma'aikata ke ɗari-ɗari: shin su ake sa wa ido, ko za a rage yawansu? A ba su amsa tun farko. Yardar tsohon ma wajibi ce. Idan ba ya iya yanke hukunci, dokar Ingila ta 2005 kan waɗanda ba sa iya yanke wa kansu hukunci ta tanadi yadda za a yi.

A nemi gwajin wata guda a ɗakuna kaɗan, masu aikin dare su rubuta kowace ƙararrawar banza, sannan a sa hannu.