Antibodin fosfo-ERK1/2 na Cell Signaling Technology: yana aiki, in an kula da samfur

Ga masu aikin western blot (hanyar gano furotin a samfur) a Jami'ar Ghana da ke Legon, ko a cibiyoyinta na bincike, Noguchi ko WACCBIP, wannan antibodi mai lamba 4370 ya cancanci kuɗinsa, duk da cewa farashin dala ne kuma sidi, kuɗin Ghana, ba ta da tabbas. Daga zomo aka samo shi, kuma yana kama furotin ERK1 da ERK2 ne bayan fosfet ya hau kan gurabe biyu: Thr202 da Tyr204 a ERK1, Thr185 da Tyr187 a ERK2. Layi biyu ake gani, ɗaya a 44 kDa, ɗaya a 42 kDa, kusa da juna sosai, don haka a yi amfani da jel na kashi 10 a bar shi ya yi nisa, in ba haka ba su haɗe su zama ɗaya. Ba ya kama danginsu, p38 ko JNK. Rauninsa ɗaya, wanda kamfanin da kansa ya rubuta: yana kama furotin ɗin ko da Thr202 kaɗai ke ɗauke da fosfet, saboda haka layi mai duhu ba hujja ba ce cewa ERK ya kunnu gaba ɗaya.

Ana tsarma shi 1:2000, wato mikrolita 5 cikin mililita 10 na ruwan TBST mai furotin BSA kashi 5, a kwana ana jijjigawa a digiri 4. Kada a tsarma shi da garin madara. Furotin casein da ke cikinta na ɗauke da fosfet, yana iya ɓata bayan hoton.

Mafi yawan korafin "bai fito ba" daga samfurin yake. Da zarar an fasa tantanin halitta, enzayim ɗin fosfatas sai su fara cire fosfet ɗin cikin mintuna, kuma zafin Accra ba ya rangwame. Komai a kan ƙanƙara, ruwan fasawa kuma ya ƙunshi masu hana fosfatas aiki, wato sodiyam otobanadet 1 mM da sodiyam fuloraid, tun kafin ya taɓa samfur. A loda mikrogiram 20 zuwa 30 a kowane rami. A ajiye rami ɗaya na gwaji: tantanin da aka hana sirom da dare, sannan aka ba su EGF, mai kunna ERK, 100 ng/ml na minti 5 zuwa 10. A wani ramin, a sa tantanin da aka ba U0126, mai hana ERK kunnuwa, kafin EGF. Layin ya kamata ya kusa ɓacewa. In ramin EGF ya fito, samfurinka bai fito ba, to ka bar zargin kwalba.

A fara da na fosfo, sannan a wanke antibodin daga takardar PVDF da furotin ke kai, a sa na jimlar ERK, lamba 4695. In aka juya tsarin, wankin na iya rage siginar da ake nema.

Batun dumso, wato ɗauke wutar lantarki: ruwan antibodin yana da gilisarol kashi 50, ba ya daskarewa a digiri −20, kamfanin ma ya ce kada a rarraba shi ƙananan kwalabe. A sa shi can cikin firiza mai janareta, nesa da ƙofa.