Gargaɗi: wanda ya sayar min da mataccen RTX 3080 yana nan yana ci gaba da talla

Assalamu alaikum jama'a. Kwana tara ina ta jinkirin yin wannan rubutun saboda kunya, amma da safen nan na ga mutumin ya sake ɗora talla da sabon suna, da bidiyon nan dai da ya turo min, sai na ji idan na ci gaba da yin shiru to da hannuna a cutar wanda zai faɗa bayana.

Albashina na wata biyu cif. Da kuɗin tsohon katina a kai. Wannan shi ne abin da na ɗauka na miƙa wa mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, a kan RTX 3080, katin girafik mai fitar da hoto a kwamfuta, wanda ba ya iya ɗaukar gem na rabin awa ba tare da allo ya cika da ɗige-ɗige kore da ja ba.

Kafin wani ya zo yana ce min "ai da ka bincika", ku tsaya ku ji. Ni ba sabon shiga ba ne. Kwamfutar da nake amfani da ita ni na haɗa ta da hannuna, tun daga madabod har wayoyi. Na san dabarar nan ta ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010 a sauya masa BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti, na san da ka ga ramin VGA, na tsohuwar wayar allo, a jikin katin da aka ce na zamanin Pascal ne, wato zamanin su GTX 1050 Ti, sai ka ja baya, na san GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, kan rubuta wa irin waɗannan cewa na jabu ne. Ni nake gargaɗin abokaina a kan wannan. Akwai wanda na hana sayen RX 580 mai 2048SP don na san kusan RX 570 ne aka sauya wa riga. To sai ga shi ni aka yi wa sakiyar da ba ruwa.

Abin da ya kama ni magana ɗaya ce. Ya ce: "Yallabai, kar ka turo duka. Turo rabi, idan kati ya iso ka gwada da kanka, ka gamsu, sai ka cika min. Amana ce tsakanina da kai." Shi ke nan. Wallahi har yanzu ina jin muryarsa a kunnena, a natse, ba rawar baki, kamar wanda ya girme ni yana ba ni shawara. Na ce a raina, ɓarawo ba zai yarda a riƙe masa rabin kuɗi ba. Wane ɓarawo ne zai ce ka gwada tukuna? Na yi ta juya wannan tambayar a daren, kowane juyi amsa ɗaya take ba ni: mutumin kirki ne.

Kati ya iso da yamma. Na cire kwalin, na jona, na kunna. GPU-Z ta nuna RTX 3080, memori giga 10 na GDDR6X, ƙwayoyin aiki 8704, komai daidai da yadda Nvidia ta fitar da shi a watan Satumban 2020. Babu alamar jabu ko ɗaya, domin ba jabu ba ne, na gaske ne, an dai tatse shi ne har ya ƙare. Na buɗe gem na yi kamar minti goma, na leƙa zafi na ga digiri 66. A lokacin nan ne kiransa ya shigo: "Yallabai ya aiki, ya yi kuwa? Ina da ɗan uzuri ne na gaggawa a gida, shi ya sa ka ga na matsa." Ni kuma ina cikin murna, firem, wato hotunan gem ɗin, na gudu kamar ruwa, na ce masa ya yi, Allah ya saka da alheri. Har godiya na yi masa. Na ɗauki waya na tura cikon. Ni da yatsana. Minti goma na gwada, jama'a, minti goma a kan albashin wata biyu.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin nan na riga na sayar da GTX 1660 Super ɗina don in haɗa rabin farko. Katin da shekara da shekaru bai taɓa ba ni ciwon kai ba, wat 125 kawai yake ci, shiru kamar ba a kunna shi ba. Kuma saboda 3080 wat 320 yake sha, Nvidia ma cewa ta yi a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 750, sai da na ajiye nawa mai 550 na sayi sabo. Wannan kuɗin ma daban ne, ban sa shi cikin lissafin ba. Sannan furosesata Ryzen 5 5600 ce, ba ta da girafik na cikin jikinta, ma'ana idan na zare wannan mataccen katin ko hoton buɗe kwamfuta ba zan gani ba. Na saki reshe na kama ganye.

Washegari da daddare abin ya fara. Ina cikin gem ɗin Cyberpunk 2077, wajen minti ashirin da biyar, sai fankokin suka ɗauki kuka kamar za su tashi sama, firem ya riƙa tsinkewa, sai ɗige-ɗige, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Na sake kunnawa, aka maimaita. Kuma kun san abin haushi? Kaina na fara zargi. Na ce ko direba ce, wato manhajar da ke tafiyar da katin, na goge ta tas da manhajar DDU na sa sabuwa. Na ce ko iska ba ta ratsa akwatin, na cire murfin gefe, na ƙara fanka biyu a gaba suna shigo da iska, ta baya tana fitarwa. Na ce ko sabon akwatin wutar ne, na raba wayoyin mai fil 8 kowace da layinta maimakon waya ɗaya mai kai biyu. Na shiga manhajar Afterburner na rage masa wuta zuwa kashi 70. Kwana uku ina wannan wahalar ina wanke mutumin a zuciyata, domin duk sanda na duba zafi 66, 68, 70 nake gani, lafiya lau.

Ashe lambar da ba ita ba nake kallo. Katin nan zafi uku yake nunawa: na babban cif ɗin, na wurin da ya fi zafi a cikinsa, sai na ma'adanar katin, wato cif-cif ɗin memori da ke kewaye da shi. Na ukun nan sai ka gangara cikin manhajar HWiNFO ko shafin ma'aunai na GPU-Z za ka gan shi. Da na buɗe HWiNFO na kunna gem, cif yana 68, memori kuwa ya haye 104, 108, ya je ya tsaya cak a 110. Digiri 110. A nan GDDR6X ke fara ja da baya da kansa don kar ya ƙone. Na zauna ina kallon 110 ɗin nan, jikina ya yi sanyi.

Nan ne komai ya haɗu min. Haƙar Ethereum, wato nemo kuɗin kirifto da katin girafik, memori take ci, ba babban cif ba. Masu haƙa rage wa cif gudu suke yi su ƙara wa memori, su bar shi dare da rana wata da watanni. Shi ya sa za ka ga cif garau, memori kuwa ya dahu. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022 aka juye waɗannan katunan kasuwa, kowa ya san wannan, ni ma na sani. Kuma na tambaye shi! Wallahi na tambaye shi, saƙon yana nan. Na ce an taɓa mainin, wato haƙar nan, da shi? Ya ce: "Haba Yallabai, na ƙanena ne, gem kawai yake bugawa, karatu ne ya sa ya ajiye. Kuma ma LHR ne, masu mainin ba sa ɗaukarsa." Wannan LHR ɗin ita ta ƙarasa ni. Na san a 2021 Nvidia ta sa wa katunan kulle da ke rage musu ƙarfin haƙa, sai na ce magana ta yi ma'ana. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne tun watan Mayun 2022 masu manhajar haƙa suka fasa kullen nan gaba ɗaya, kuma kafin nan ma ana haƙa da su da mafi yawan ƙarfinsu. Mutumin ya san irin kalmar da zai jefa wa wanda ya san abu rabi da rabi. Eh, na faɗa, rabi da rabi, tunda ga sakamako.

Na kira shi. A'a, wannan kafin in ga 110 ɗin ne, ranar farko da allo ya yi baƙi. Ya ɗauka, ya ce in sa masa fanka a gefe, wai ɗakina ne ke da zafi. Kira na biyu ya ce yana hanya zai neme ni. Na uku ba a ɗauka ba. Bayan na tura masa hoton 110 ɗin sai hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, saƙona ya tsaya a alama ɗaya. Mutumin da ya ce min amana.

Tunda babu wanda zan mayar wa, na ɗauko sukundireba na buɗe. Sitikar da ke kan sukurun baya, wadda ake cewa shaidar ba a taɓa buɗewa ba, da farce na ɗaga ta ta taso cikin sauƙi, ƙarƙashinta kan sukurun duk ya cinye don yawan kwancewa. Katifun robar nan da ke ɗauke zafi daga memori zuwa ƙarfe sun bushe suna marmashewa kamar tsohon soso, wasu ma ba kaurinsu ɗaya ba, an yanko an liƙa ne kawai. Kewayen memorin ya yi maiƙo, allon katin ya sauya launi zuwa ruwan ɗorawa-ɗorawa a wurin. Cif biyu akwai sauran man dalma a gefensu, alamar an taɓa hura musu wuta. Amma kan babban cif ɗin? Sabon man sanyaya, an shafa shi tsaf. Ka ga mutumin da ya san abin da yake yi. Ya gyara daidai wurin da mai saye zai duba, ya goge fankoki suna ƙyalli, ya bar ciki a ruɓe. Tsakanin ƙarafan sanyayar kuwa ƙura ce daskararriya wadda buroshi bai kai gare ta ba.

Sai kuma bidiyon. Na koma na kalle shi ya fi sau ashirin. Minti biyu ne da 'yan daƙiƙu, manhajar gwajin kati ta FurMark na gudu, yana nuna 66 da yatsa. Ya ɗauki allon ta yadda layin memori bai shigo ba. A ƙarshe ya juya katin a hannunsa, na tsayar na zuƙo hoton, lambar siriyal ɗin da ke bidiyon ba ita ce ta katin da ke gabana ba. Ta jikin kwalin ma daban. Lamba uku, kaya ɗaya. Wato yana da kati ɗaya mai lafiya da yake yi wa hoto, sai ya riƙa aiko wa mutane gawa. Bidiyon yana wayata tun kafin in tura ko sisi, da na tsaya na duba lambar a ranar da kati ya iso da ban cika ba, da aƙalla rabi ya tsira. Wannan ne ke hana ni barci. Ba wai ban da hujja ba ne, hujjar tana hannuna ina murna ina tura kuɗi.

Matata ta tambaye ni me ya sa kwamfutar take a buɗe a ƙasa kwana da kwanaki, na ce gyara nake. Har yau ban iya faɗa mata albashin wata biyu ne kwance a wurin ba.

Duk hotunan suna nan, zan ɗora su a ƙasa da zarar na rufe lambobin asusuna: hirarmu daga farko, shaidar tura kuɗi sau biyu, hoton HWiNFO mai 110, cikin katin, da lambobin siriyal ukun a jere. Sunan da yake amfani da shi ba zan sa ba don na tabbata ba nasa ba ne, kar in jawo wa bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na kai ƙorafi banki, sun karɓa sun ce in jira.

Mai son sayen katin hannu: kar ka cika kuɗi sai ka yi awa guda kana gem mai nauyi idonka na kan zafin memori, ka bi shi da gwajin memori na manhajar OCCT. Ka haɗa siriyal ta bidiyo da ta kati da ta kwali. Kar ka sayar da tsohonka sai sabon ya kwana bakwai. Wanda ya kira ka yana uzuri kana tsakiyar gwaji, kashe wayar.

Na sa sababbin katifun roba shekaranjiya, masu kauri daidai, na sake man sanyaya. Zafin memorin ya sauko cikin 90 da ɗoriya, har na fara jin daɗi. Minti arba'in ɗige-ɗigen suka dawo. OCCT ta jero kurakurai tun kafin ta yi minti biyar. Mai gyara ya ce sai dai a ciro cif ɗin da ya mutu a dasa wani, kuma ba zai yi min alkawarin sauran ba za su bi shi ba.

Tallar tasa da na gani yau, rubutun bai ko sauya ba: na ƙanena ne, gem kawai, ka biya rabi ka gwada. Na ga mutum huɗu sun riga sun rubuta masa a ƙasa suna tambayar ko yana nan. Na yi wa ukun farko magana ta sirri, ɗaya ya amsa ya ce min ya riga ya tura rabi tun jiya.