Wili mai haɗi: a gyara tsoho, a sayi gyararre, ko a ɗauki na kwaikwayo?

Duk wanda ya ajiye tsohuwar motar gudu irin BMW E30, ko Golf ta biyu, ko Porsche 911 ta shekarun 1980, ba ya daɗewa idonsa bai faɗa kan wili mai haɗi ba. Shi ne wilin da ba a zuba shi dunƙule ɗaya ba: fuska daban, leɓen waje daban, gangar ciki daban, sai a ɗaure su da jerin ƙananan bol a kewaye. Wanda ya fi suna shi ne BBS RS, da kamfanin BBS na garin Schiltach a Jamus ya fito da shi a 1983. Kada a haɗa shi da wilin manyan motoci mai zoben kulle, wanda masu faci ke tsoron ya ɓalle lokacin ba da iska. Wannan wani abu ne daban. Doka ɗaya ce dai ta haɗa su: ba a taɓa bol ko ɗaya sai an sace iskar taya gaba ɗaya.

Kuɗin mai saye a fuska suke tafiya. Leɓe, ganga, bol da bawul duk ana ƙera sababbinsu har yau, amma fuskar asali idan ta mutu ta mutu. Saboda haka kafin a fara ciniki a juya wilin a karanta abin da aka buga a bayansa. Misali, RS001 inci 15 ne, faɗinsa inci 7, ET25 (ET shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da bayan fuska inda ake ɗaure shi a mota, a milimita), ramuka huɗu a kan da'irar milimita 100, shi ya sa ya dace da E30 da Golf. E30 M3 ramuka biyar gare ta a kan 120, Porsche 911 kuwa biyar a kan 130. Wasu masu sayarwa sukan cike ramukan asali su huda sababbi don wilin ya shiga wata mota. Irin wannan ba lallai ya zama mara kyau ba, amma darajarsa ta faɗi, kuma ingancinsa ya rataya a kan hannun wanda ya huda. A duba gindin kowane reshe na fuskar da bakin ramukan bol, nan tsaga take ɓuya. Ido kaɗai ba ya isa. Akwai jan ruwan gwaji da ake fesawa a goge, sannan a bi da farin hoda, tsagar sai ta fito ja. Fuskar da ta tsage ko aka yi mata walda, a bar wa mai ita.

Hanya mafi arha a farko ita ce sayen tsoho yadda yake, a gyara da kai. Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake ci. Bayan an cire taya, a sa wuƙa a yanke tsohon gam ɗin da ke cikin kwarin haɗi, wato layin da sassan suka haɗu a inda taya take rufewa, a yi wa sassan kowane wili alama don kada su cakuɗe, sannan a kwance. RS mai inci 15 bol 30 gare shi, mai inci 16 kuma 34, wato 120 ko 136 ke nan a wili huɗu. Kansu mai kusurwa goma sha biyu ne, sifana mai kusurwa shida ba za ta kama shi ba, sai dai ta cinye kan. Idan sassan sun ƙi rabuwa, a ɗumama su kaɗan a buga da gudumar roba. Wanda ya cusa sukudireba a tsakani ya ɓata wurin zaman, kuma iska za ta riƙa fita daga nan.

Wajen fenti ake yawan yin kuskuren da ba ya nuna kansa sai an hau titi. Fentin gari da ake gasawa a tanda, a zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200, ya fi fentin feshi jure duwatsu da ƙurar birki, amma yana da kauri. Idan ya hau wurin da fuska ke haɗuwa da leɓe da ganga, ko bayan fuska inda take zama a kan habu, ko mazaunin bol, zafin birki zai tausasa shi a hankali, ya lotsa, bol ya saki. Waɗannan wurare dole a rufe su kafin fenti, su zauna ƙarfe a kan ƙarfe. Fentin feshi ya fi sauƙin gyara idan ya kuje, kuma launin azurfarsa ya fi kama da na asali.

Sai maganar leɓe, inda zaɓi uku ne. Tsohon leɓen alminiyom idan bai lanƙwashe ba ana cire masa tsohon banish, a bi shi da samfefa da ruwa daga lamba 400, 600, 800, 1200 har 2000, sannan a goge da man ƙyalli. Zai yi kyau kamar madubi, amma ba ya riƙe hasken. Ƙurar hunturu da ruwan damina za su dusashe shi, sai an riƙa gogewa. Idan aka shafa masa banish gogewa ta ragu, sai dai ranar da dutse ya fasa banish ɗin ruwa zai shiga ƙarƙashi ya yi farin zane kamar sawun tsutsa. Sabon leɓen alminiyom halinsu ɗaya, illa dai yana zuwa a miƙe. Leɓen ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi nauyi, amma sabulu da ruwa sun ishe shi. Ga motar da ake hawa kullum shi ya fi. Ga wadda ake kai wa filin gudu, alminiyom.

Masu son faɗaɗa leɓe su yi lissafi kafin su biya. Ƙarin inci ɗaya a leɓen waje yana turo bakin wili waje da milimita 25.4, kuma yana rage ET da 12.7. RS001 sai ya koma inci 8, ET kusan 12. A motar da aka saukar ƙasa wannan ya isa taya ta riƙa gugar madigadi a kowace kwana, ga ƙarin nauyi a kan boris.

Wurin haɗawa a sa sababbin bol. Tsoffin sun shekara talatin ko arba'in a miƙe cikin ruwa da zafi, kuma kuɗinsu bai kai na taya ɗaya da ta fashe ba. A ɗiga musu shuɗin gam na zare irin Loctite 243, a ɗaure a giciye, wannan gefe sannan kishiyarsa, zagaye biyu ko uku, da sifana mai auna ƙarfi. Bol ɗin M7, wato mai kaurin milimita 7, yawanci tsakanin Nm 25 da 30 ake kai shi a ma'aunin sifanar, amma adadin da maƙerinsa ya rubuta shi ne abin bi. Daga nan a zuba silikon a kwarin haɗi, a lallaɓe da yatsa ba tare da yankewa ba, a bar shi awa 24 zuwa 48. Silikon mai warin tsami na banɗaki bai dace ba, domin asid ɗinsa yana cin alminiyom. Kafin a sa taya a ɗora wilin a kan injin balansin a auna rawarsa. Abin da ya wuce milimita ɗaya za a ji shi a sitiyari.

Sayen gyararre yana raba mutum da wannan wahala, amma ƙyalli yana rufe aibi. A nemi hotunan sassan lokacin da suke a kwance, a tambayi girman leɓe da ganga da aka sa, a duba gam ɗin ciki ko layi ɗaya ne mai santsi. Mai sayarwar da ya ƙi cire taya a gani, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ga wanda yake son BBS amma ba ya son ciwon kan yoyon iska, akwai masu sassa biyu maimakon uku, irin su BBS RM da LM. A RM fuska da ganga haɗe suke, leɓe kaɗai ke fita, don haka har yanzu yana buƙatar gam. A LM kuwa gangar guda ce cikakkiya, fuska ce kawai ake ɗaurawa, babu haɗin da iska za ta bi.

Na kwaikwayo yawanci zubi ɗaya ne, bol ɗinsa na ado ne, wani lokaci ma na roba. Yana da arha, ba ya yoyo, amma idan ya faɗa rami ya tsage sai a jefar da shi dungurungum, kuma ingancin zubin ya bambanta ƙwarai daga wannan maƙeri zuwa wancan.

Kowanne aka zaɓa, a tabbata ramin tsakiya ya zauna cif a kan habu, milimita 57.1 a E30, ko a sa zoben da ya dace. Bol ɗin taya M12x1.5 ya shiga aƙalla zagaye shida da rabi, a sake duba ɗaurinsa bayan kilomita 50 zuwa 100. Kuma a gaya wa mai faci tun kafin ya fara cewa akwai gam a tsakiyar wilin, domin ƙarfen ɓamɓare taya sau ɗaya zai karce shi iska ta fara zurarewa.