Keken gwanjo mai giya: yadda na same shi a fadamun Kura da tuddan Jos

Duk wanda ke yawo da keke a ƙasar nan don jin daɗin tafiyar kanta ya san cewa hanyar da babu motoci ita ce hanyar da ba a gyara ba. Inda kwalta take sumul, can tireloli da tifofi suke tsere, kamar titin Kano zuwa Zariya ko na Wudil. Inda kuwa ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye da ƙarar sarƙarka, to ko dai kwaltar ta farfashe, ko kuma burji ce tun asali. Da wannan ma'auni na auna keken da na saya, kuma da shi zan yi magana a kansa.

Keken na hannu ne, ɗan Kwatano. Jikinsa alminiyum, kansa miƙaƙƙe, giyarsa Shimano, uku a gaba takwas a baya. Gargarensa irin wanda ake rubuta wa 700C ne, tayar kuma faɗinta milimita 38. A shagon akwai kekunan tsere masu kai a lanƙwashe da taya siririya, milimita 23 ko 25. Sun fi nawa kyau nesa ba kusa ba, kuma da yatsa biyu za ka ɗaga ɗaya. Abokin tafiyata irin su ya ɗauka. Ni faɗin tayar ne ya ja ni, kuma har yau ina ganin shi ne abu mafi daraja a jikin keken, ya fi giyar, ya fi rashin nauyin.

A ƙasar Kano aka fara gwada shi. In ka kauce daga babban titi a wajen Kura, ka shiga yankin noman rani da ruwan madatsar Tiga yake ciyarwa, za ka sami hanyoyin burji da suke bin gefen magudanan ruwa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara, shinkafa a hagu, tumatir da albasa da alkama a dama, gwargwadon lokacin da ka je. Abin da za ka gamu da shi bai wuce babur ɗauke da kwandunan tumatir za shi Kwanar Gafan ba, ko amalanke, ko garken shanu. A nan taya mai faɗi take nuna kanta. Tana bi ta kan tsakuwa da ƙananan ramuka ba tare da ta girgiza maka haƙora ba, in kuma ka faɗa ɗan yashi tana shawagi ta fita. Keken abokina da ya shiga yashin nan sai ƙafar gaba ta nutse, dole ya sauka ya tura. A kan kwalta mai kyau yakan bar ni a baya, wannan gaskiya ne, amma kwalta mai kyau da babu motoci nawa ce a tsakanin Karfi da Bunkure da Rano?

Giya a wannan yanki sai ka ɗauka ado ce, har sai hunturu ya kama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Ke nan in ka nufi kudu da safe, wajen Rano ko Tiga, tana bayanka tana tura ka, kana jin kanka gwarzo. A dawowa ne za ta tare ka gaba da gaba, a fili fetal babu bishiyar da za ta kare ka. A nan ake sauko da giya, ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi ko da tafiyar ta ragu. Wanda yake kan tsohon Raleigh ko Phoenix mai giya ɗaya sai dai ya miƙe tsaye a kan feda ya yi ta dannawa da gwiwa. Ƙurar ma tana da nata aikin. Tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar toka mai ci, tana cinye haƙoran giya a hankali. Bayan kowace tafiya ina goge sarƙar da tsumma, in ɗiga mai kaɗan, in sake gogewa. Yawan mai shi ke kiran ƙura.

Inda keken ya ba ni wahala shi ne wajen faci. Tsidau ba ya jin tsoron kowace taya, kuma gefen gonaki cike yake da shi. A wani ƙauye kusa da Bunkure na kai wa mai faci ƙafar baya. Ya juya ta, ya kama hancin tub ɗin da yatsa, siriri mai ɗan kusa a kai, ya ce, "Yallaɓai, faci kam zan yi maka, amma famfona ba ya kama wannan bakin." Haka abin yake: kekunan nan da yawa suna zuwa da hanci siriri irin na Turai, famfon masu faci kuwa na hancin babur ne da na tsohon keke. Akwai wani ɗan ƙarfen tagulla da bai kai kan ɗan yatsa ba wanda ake murɗa wa a kai sai kowane famfo ya kama. Ranar dai sai da ya naɗa guntun roba a bakin, yana riƙe da hannu ɗaya yaronsa yana bugawa, muka sami iskar da za ta kai ni gari. Haka kuma tayar tsohon keke mai inci 28 ba ta hawa wannan gargare, duk da a ido kamar ɗaya suke: waccan bakinta milimita 635 ne, wannan 622. In tayarka ta yage a ƙauye, ba za ka sami madadinta a kasuwar mako ba. Saboda haka tub na ajiya da ƙaramin famfo da kayan faci ba sa barin jakata.

Jos wata duniya ce. Kano tana kan tsayin da bai kai mita 500 daga teku ba, Jos kuwa ta haura 1,200, tsaunukan Shere ma sun kai wajen 1,829. Kai keken can bai yi wuya ba, don ƙafafunsa da ɗan hannu ake kwance su ba sai da sifana ba, ya shige bayan mota. Na fi son hanyar da ta bi ta Bukuru zuwa Kuru da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924. Da ka rabu da cunkoson Bukuru sai fili ya buɗe: duwatsu a ɗore kan juna, gonakin dankalin turawa da kabeji da acca an kewaye su da shingen kyarana, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari cike da ruwa. Hawan ba dogaye ba ne sosai, amma ba sa ƙarewa, ka gama wannan ka hango wani. A nan na fara amfani da ƙaramin faifan giyar gaba, wanda a Kano ban taɓa taɓa shi ba. Da shi mutum yana zaune a sirdi yana numfashi daidai har ya kai ƙololuwa. Hanyar Lamingo wajen Shere ta fi tsauri, kuma a can ma bai sa na sauka ba.

Gangara ce ta fito da raunin birkinsa. Irin mai matse gefen gargare ne. In hanya a bushe take ba shi da laifi. Amma ruwan Jos ba ya sallama, kuma da gargaren ya jiƙe sai ka matsa ka ji shiru na ɗan lokaci kafin ya kama. A doguwar gangara kuma in ka riƙe shi ba sakewa gargaren yana zafi. Sai dai ka riƙa matsawa kana saki, ka fara rage gudu tun kafin kwana. Wanda zai zauna a Filato, in yana da hali, ya nemi mai birkin faifai. Hawan Kibo kuwa ban shiga da keke ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya shiga, saboda manyan motocin da birki ke tsinke musu a wurin. Hular kwano dole ce, ko da yara za su bi ka da kallo.

Akwai maganar da ta fi keke muhimmanci. Shirun hanya ba kullum yake nufin lafiya ba. A wasu sassan Filato, wajen Riyom da Barikin Ladi da Bassa, an sha fama da tashin hankali, haka dajin Falgore a kudancin Kano ba wurin yawon mutum ɗaya ba ne. Kafin in bi sabuwar hanya ina tambayar 'yan acaɓa da masu shayi na bakin mararraba, ina fita bayan asuba, in dawo kafin la'asar, kuma ba na tafiya ni kaɗai.

Sirdin da ya zo da shi na canza, don ya tsage yana shan ruwa. Ga mai niyyar sayen irinsa, ya juya keken ya duba kowace mahaɗa, musamman ƙarƙashin inda feda take da gindin sandar sirdi. In ya ga tsaga ko da kamar zare ce ya bar shi a shagon komai arharsa, don alminiyum ba ƙarfen da mai waldar bakin titi zai ɗinke ba ne.