Shagon da na sayi takalmin gudun kilomita 21

Gaskiya yaron shagon nan ya san aikinsa. Na ce masa na haura arba'in kuma karon farko ke nan zan shiga gudun kilomita 21, sai ya ce "Kawu ƙara lamba, ƙafa kumbura take in gudu ya yi nisa", ya sa na ɗan yi sassarfa a bakin shago yana kallon yadda nake dira dunduniya sannan ya zaɓo min mai kaurin soso saboda gwiwa. Ranar tsere cinyoyina sun ji jiki amma ko farce ɗaya bai yi baƙi ba. Tsada kam akwai wallahi, ba ragi, kuma safarsu ta auduga ce tana riƙe gumi, ku nemi safa a wani wajen.